SHARHI: Wane Irin Fetur Ya Dace Da Injin Jirgin Ruwa?

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na shekarar 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, yawancin muhawarar da ake yi kan tsadar mai ta tsaya ne a kan masu motocin haya da 'yan acaɓa da masu janareto. Ba kasafai ake tunawa da masu jiragen ruwa ba, alhali kuwa akwai garuruwa masu ɗimbin yawa a gaɓar kogin Neja da na Binuwai, da Tafkin Kainji, da Tafkin Chadi, da kuma bakin teku, waɗanda kifinsu da shinkafarsu da doyarsu ba su isa kasuwa sai da taimakon injin nan da ake ratayawa a bayan kwalekwale. Litar fetur da ake saye ƙasa da Naira 200 a farkon shekarar 2023 ta haura Naira 1,000 a Abuja cikin watan Oktoba na 2024. Farashin ya yi ta hawa da sauka bayan nan, amma dai mai ya riga ya zama babban abin da ke cin kuɗin duk wanda ke sana'ar fito ko su ko jigilar kaya ta ruwa.

Saboda haka tambayar da a da ake bar wa makanikai yanzu ta zama ta 'yan kasuwa, wato wane irin fetur ne ya kamata a zuba wa injin jirgi? Wasu na ganin cewa tun da injin ya yi tsada, to, sai a nemo masa fetur mai daraja ta sama ko nawa ne kuɗinsa. Wasu kuma na ganin fetur fetur ne, duk wanda ya fi araha shi ne nasu. Dukkan ɓangarorin biyu asara suke yi. Abin da injin jirgi ke bukata shi ne fetur mai darajar da kamfanin da ya ƙera shi ya rubuta, mai tsabta, wanda bai daɗe a ajiye ba, kuma aka haɗa shi da baƙin man da ya dace bisa ma'auni. A halin da ake ciki a Nijeriya kuwa, tsabtar man ta fi lambar darajarsa zama abin damuwa.

Yana da kyau a fara da fayyace abin da ake nufi da darajar fetur. Lambobin nan da ake gani a jikin famfon gidajen mai na ƙasashen waje, irin su 91 da 95 da 98, ma'aunin oktan ne. Mutane da yawa na zaton cewa oktan ƙarfin mai ne, wato mai lamba 98 ya fi mai lamba 91 tura inji. Ba haka abin yake ba. A cikin inji, fistin yana matse haɗin fetur da iska, sannan fulogi ya ba da tartsatsi wuta ta kama, ta bi haɗin daki-daki tana tura fistin. Idan fetur ba shi da juriya, sai wani sashe nasa ya fashe da kansa saboda zafi da matsi kafin wutar fulogi ta iso gare shi. Wannan fashewa ce ke jawo ƙarar ƙwanƙwasa, kuma idan ta daɗe tana cin kan fistin, ta karya ringi. Lambar oktan tana nuna iyakar juriyar fetur ne ga irin wannan fashewa. Injin da matsinsa ke da yawa yana bukatar lamba mai yawa. Wanda matsinsa kaɗan ne kuwa, da zarar an ba shi abin da ya ishe shi, duk abin da aka ƙara a kai bai amfane shi da kome ba.

Akwai wani ruɗani da ya kamata masu sayen injuna na hannu su sani. Hanyar auna oktan ba ɗaya ba ce a duniya. Nijeriya da ƙasashen Turai da yawancin Asiya suna amfani da ma'aunin da ake kira RON. Amurka da Kanada kuwa suna haɗa ma'auni biyu ne su raba, don haka lambarsu takan gaza ta RON da kimanin huɗu ko biyar. Fetur ɗin da aka rubuta wa 87 a Amurka daidai yake da mai lamba 91 ko 92 a nan. Wanda ya sayi injin da aka shigo da shi daga Amurka, ya ga 86 ko 87 a littafinsa, kada ya ɗauka cewa injin zai jure man da ya gaza wanda hukuma ta amince a sayar a gidajen mai.

Mafi yawan injunan da ke aiki a ruwayen ƙasar nan masu ƙarfin doki 15 ne, ko 25, ko 40, ko 75, kuma irin waɗanda makanikai ke kira tu-sitirok ne, wato waɗanda ake cakuɗa musu baƙin mai a cikin fetur. Samfurin Enduro na kamfanin Yamaha shi ya fi yawa a kwatoci, saboda sauƙin gyara da samun kayan gyaransa. An ƙera irin waɗannan injuna ne da ƙarancin matsi, domin su yi aiki a wuraren da babu zaɓin mai, kuma abin da kamfanin ke nema musu shi ne fetur marar dalma wanda bai gaza 90 ba a ma'aunin RON. Fetur ɗin da ya cika ƙa'idar Nijeriya ya kai wannan adadi. Ke nan mai injin doki 40 da ya je neman fetur mai lamba 95 ko 98, ko ya sayi kwalaben sinadarin da ake cewa yana ƙara oktan, kuɗinsa kawai ya zubar a ruwa. Inda maganar ta bambanta shi ne wajen wasu manyan injuna na zamani, masu ƙarfin doki ɗaruruwa, irin waɗanda ake sa wa jiragen gudu a Ikko da yankin Neja Delta. Daga cikinsu akwai waɗanda kamfanoninsu suka nema wa lamba mafi girma, kuma mai irinsu wajibi ne ya bi abin da littafin injinsa ya ce.

Har ila yau wasu tsofaffin masu fito suna nan da tunanin cewa fetur na da can, mai dalma, ya fi na yanzu kyau ga inji. An daina sa dalma a fetur ɗin Nijeriya tun farkon shekarun 2000, kuma a shekarar 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da sanarwar cewa an daina sayar da shi ga motoci a duniya baki ɗaya, bayan Aljeriya ta ƙarar da nata. Injin tu-sitirok bai yi rashin kome ba da wannan, domin dalma ƙazanta fulogi take yi. Haka kuma launin fetur ba ya nuna darajarsa, domin rini ne ake sa masa.

To amma gaskiyar lamari ita ce, a yawancin gidajen man Nijeriya fetur iri ɗaya tak ake sayarwa. Mai jirgi a Yawuri ko Lokoja ko Ibi ba ya tsayawa gaban famfo uku yana zaɓe. Zaɓinsa na zahiri shi ne inda zai sayi man. Gidajen mai a bakin titi aka gina su domin motoci, kwata kuwa sau da yawa tana da nisa da su, saboda haka man jirgi yakan bi ta hannu biyu ko uku, daga famfo zuwa duro, daga duro zuwa jarka, daga jarka zuwa galan ɗin 'yan bumburutu, kafin ya shiga tanki. A garuruwan kan iyaka abin ya ƙara tsananta lokacin da Hukumar Kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke tsakanin kilomita 20 da iyakar ƙasa a watan Nuwamba na 2019, matakin da ya tura masu jiragen waɗannan wurare hannun masu jarka. A kowane mataki na wannan tafiya darajar man na iya faɗuwa, kuma abin takaici shi ne sau da yawa mai jirgi yana biyan kuɗi fiye da na gidan mai a kan man da bai kai na gidan mai ba.

Abu na farko da ke ɓata man shi ne algus. A shekarun 1990, lokacin da kananzir ya fi fetur araha, da shi ake yawan surka fetur. Yanzu da kananzir ya yi tsada, an fi jin tsoron man da ake tacewa ta haramtacciyar hanya a dazuzzukan Neja Delta, wanda ake dafa ɗanyen mai a duro a tara tururinsa. Irin wannan tacewa ba ta da matakan da matatun mai na ainihi ke bi domin ɗaga oktan, don haka abin da ke fitowa darajarsa ƙasa take sosai, ga dattin da ke cikinsa. Kananzir da gas ma haka suke, oktan ɗinsu ƙasa yake ƙwarai, kaɗan daga cikinsu ya isa ya saukar da fetur mai kyau ƙasa da abin da inji zai jure. Matsalar injin jirgi ita ce ƙararsa tana da yawa, kuma yakan yi sa'o'i yana aiki da dukkan ƙarfinsa, ba kamar mota ba da ke samun sauƙi a gangara. Direba ba zai ji ƙwanƙwasar ba sai injin ya buga. Lalle akwai injunan jirgi masu amfani da kananzir, kamfanin Yamaha ma yana ƙera su, amma an tsara su ne musamman domin haka, suna tashi da fetur sannan su koma kan kananzir. Injin fetur na yau da kullum ba a yi shi domin wannan ba.

Abu na biyu shi ne ruwa da sinadaran barasa. Ba a manta da abin da ya faru a watan Fabrairu na shekarar 2022 ba, lokacin da hukumomi suka amsa cewa an shigo da fetur daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙa'ida, abin da ya lalata motoci ya kuma jefa ƙasar cikin dogayen layukan mai na makonni. Metanol yana cin roba da wasu ƙarafa, kuma ƙarfin da ke cikin litarsa bai wuce kimanin rabin na fetur ba. Ɗan'uwansa itanol kuwa, wanda ƙasashe da dama ke haɗawa da fetur bisa doka, manyan kamfanonin injin jirgi sun yarda da shi matuƙar bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Amma duka biyun suna jan danshi, ga shi kuma jirgi a cikin danshi yake kwana yake tashi. Idan ruwan da suka ja ya yi yawa, sai su rabu da fetur su kwanta tare da ruwan a gindin tanki, daidai wurin da tiyo ke zuƙar mai. Abin da zai fara shiga injin ke nan, kuma babu baƙin mai a cikinsa, domin baƙin man yana sama tare da fetur. Injin tu-sitirok da ya yi aiki ba baƙin mai, ko na ɗan lokaci ne, ya kama hanyar lalacewa. Fetur ɗin da ya rage a sama shi ma darajarsa ta ragu.

Ba sai an je ɗakin bincike za a gane wannan ba. A ɗebi man a farar kwalba a ajiye na 'yan mintoci. Idan ya yi hazo-hazo, ko wani abu ya kwanta a ƙasa, to, da ruwa a ciki. Domin gano barasa kuwa, a zuba ruwa kaɗan a kwalba a yi masa alama, a ƙara fetur kamar ninki tara nasa, a girgiza a bari ya natsa. Idan ruwan ya haura alamar, akwai barasa a man, kuma gwargwadon yadda ya haura gwargwadon yawanta. Wannan gwaji ba zai nuna lambar oktan ba, amma yana kama abin da ya fi kashe injuna, kuma ba ya cin ko kwabo.

Abu na uku shi ne daɗewa. Fetur ba hatsi ba ne da ake ɓoyewa ana jiran tsada. A yanayin zafi irin na ƙasar nan, sassansa masu saurin tashi suna gudu daga jarkar da ba ta rufu sosai ba, sauran kuma ya yi ta canzawa har ya fara barin danƙo da ke toshe ƙananan ramukan kafireta. Kafiretar da ta toshe tana rage man da ke shiga inji, tare da shi kuma baƙin mai na raguwa, zafi ya ƙaru. Masu sayen duro-duro su ajiye domin tsoron ƙarin farashi suna iya cin ribar 'yan Nairori a lita su yi asararta wurin makaniki. Abin da ya fi shi ne a sayi wanda za a ƙarar cikin 'yan makonni, a ajiye shi a inuwa, kuma idan za a jingine inji na wani lokaci a tsiyaye man da ke kafireta.

Ba a raba maganar fetur da ta baƙin mai a injin tu-sitirok, domin a tanki ɗaya suke. Ma'aunin da aka fi sani shi ne kashi 50 na fetur ga kashi ɗaya na baƙin mai, wato rabin lita a jarka mai lita 25. Sabon inji, ko wanda aka sauya wa fistin da ringi, akan ninka masa, lita ɗaya a jarka, na kimanin sa'o'i goma na farko. Wasu samfuran ma'auninsu daban ne, shi ya sa littafin inji ke da muhimmanci. Man da ya dace shi ne wanda aka yi domin injin jirgi, mai ɗauke da alamar TC-W3, wanda ke ƙonewa ba tare da barin toka ba. Baƙin man mota ba a yi shi domin a ƙone shi ba. Yana barin gawayi a kan fistin, ya liƙe ringi, ya kashe fulogi, kuma gawayin da ya taru shi kansa yana jawo fashewar da ake gudu ko da fetur ɗin mai kyau ne. Cika baƙin mai da sunan kariya ma ba dabara ba ce, hayaƙi da datti yake ƙarawa. Injin fo-sitirok kuwa wurin baƙin mansa daban yake, ba a cakuɗa masa kome a fetur.

Idan aka ɗora al'amarin a kan lissafi sai ya fi fitowa fili. Injin doki 40 da aka buɗe wa wuta gaba ɗaya yana shan kusan lita 20 a sa'a. A ɗauka yana aikin sa'o'i huɗu a rana, kuma a ɗauka lita Naira 1,000 ce domin sauƙin lissafi. Kuɗin man rana ya kama Naira 80,000. Wanda ya samu man da ba a san asalinsa ba da rangwamen Naira 50 a lita ya rage Naira 4,000 a rana, wato kashi biyar cikin 100. A ɗaya gefen kuma akwai inji wanda sabonsa ya kai miliyoyin Naira, wanda kayan gyaransa daga waje ake shigo da su da kuɗin ƙasashen waje, ga kwanakin da jirgi zai yi a ɗaure babu shigar ko sisi. Araha ba ta ado. Shi kuma wanda ya ƙara Naira 100 a lita domin lambar da injinsa ba ya bukata, ya zubar da Naira 8,000 a rana. Mai son rage kuɗin mai da gaske, hanyar tana wajen tuƙi. Sassauta wuta zuwa kashi uku cikin huɗu yana rage shan mai fiye da yadda yake rage gudu, haka nan farfela mai kyau wadda ta dace da nauyin jirgi, da kankare gansakuka daga ƙasan jirgi, da daina lodin da ya wuce kima.

Wani zai ce wannan duk maganar mai hali ce, domin masuncin da ke tsibiri ko ƙauyen da babu titi abin da ya samu shi zai zuba, kuma injunan nan sun shekara da shekaru suna shan kowane irin mai ba su mutu ba. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba za a ɗora wa talaka laifin rashin gidan mai a kusa da shi ba. Sai dai juriyar inji tana da iyaka, kuma injunan da ake gani suna aiki su ne waɗanda suka tsira, sauran suna jibge a rumfunan makanikai ana cire musu kaya. Ko wanda ba shi da zaɓin wurin saye yana da ikon duba man a kwalba, ya tace shi da mazurari mai rariya, ya bar na gindin jarka, ya auna baƙin mai da gwangwani sananne maimakon ƙiyasin ido.

Bayan dukiya akwai rayuka. Motar da ta mutu a hanya gefen titi take komawa, jirgin da injinsa ya mutu a tsakiyar Neja lokacin cikar ruwa kuwa igiyar ruwa ce ke tuƙa shi. Haɗarin da ya auku kusa da Warra ta Jihar Kebbi a watan Mayu na 2021, da na yankin Pategi ta Jihar Kwara a watan Yuni na 2023 wanda ya ci rayuka fiye da 100, ba gurɓataccen mai aka ɗora wa alhakinsu ba. An fi ambaton lodi fiye da kima da tsufan jirage da kututturan itatuwa da ke ƙarƙashin ruwa. Amma sun nuna yawan jama'ar da ke dogara da inji guda ɗaya tak a kowace tafiya, kuma jirgin da aka cika maƙil ba shi da sararin jure mutuwar inji.

Saboda haka akwai aiki a gaban kowa. Ƙungiyoyin masu fito da na masunta, tare da sarakunan ruwa, suna iya haɗa kuɗi su riƙa sayen mai kai tsaye daga gidan mai guda sananne, da rasiɗi, a mazubai masu tsabta da aka keɓe, ta yadda idan an samu matsala an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Dillalan kifi da hatsi da ke ba masu jirage bashin mai ya kamata su damu da irin man da kuɗinsu ke saye, tun da kayansu ne a cikin jirgin. Ga masu jari kuma, ƙaramin gidan mai mai lasisi a bakin manyan kwatoci, wanda ke sayar da fetur mai tsabta tare da baƙin man jirgi na ainihi, kasuwa ce da masu sayenta ke nan suna jira. Kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya taɓa kafa gidajen mai masu shawagi a kan ruwa a yankin Neja Delta, kuma babu dalilin da zai hana a yi tunanin irin wannan a Kainji da Lokoja da Makurɗi.

Hukumar NMDPRA da dokar man fetur ta 2021 ta ɗora wa kula da ingancin mai, da Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta ƙasa, da Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida mai hedkwata a Lokoja, ya kamata binciken da suke yi ya sauko daga daffo-daffo ya iso bakin kwata. Fara fitar da fetur daga matatar Dangote a watan Satumba na 2024 ya rage dogaro da man da ake shigowa da shi, amma man da ya bar matata da tsabtarsa yana iya isa tankin jirgi da ruwa a cikinsa idan ba a kula da zangon ƙarshe na tafiyarsa ba. Kafin hukumomi su kai ga wannan, mai jirgi ya riƙe abin da ke hannunsa: ya karanta lambar da aka rubuta wa injinsa, kada ya biya kuɗin abin da ya fi ta, kada kuma ya yarda da abin da ya gaza ta, sannan ya duba kowace jarka kafin ya zuba.